Yadda Ake Ƙera Manhajar Littafin Bashi da Lazarus Ko Babu Intanet

Duk matashin da ya tambayi 'yan birni ta ina zai fara ƙera manhajar kwamfuta, amsar kusan ɗaya ce: ya sauke Visual Studio, ko ya koyi yin shafin intanet. Masu ba da wannan shawara ba su taɓa zama a Gaya ko Ajingi da tsohuwar laftof ta hannu mai ram giga biyu ba, ga datar kwana ɗaya, ga wutar da ba ta sallama in za ta tafi. Mai kemis, da mai shagon taki da maganin feshi, da dillalin hatsi, ba shafin intanet ne ya dame su ba. Abin da suke so shi ne manhajar da za ta zauna a kwamfutar shago, ta riƙe musu wa ya ci bashi, nawa ne, yaushe, ko da sabis ko babu.

Don irin wannan aiki Lazarus nake ba kowa. Manhaja ce da ake ƙera manhajoji a cikinta: wurin zana taga, wurin rubuta kod, da wurin gwaji duk a haɗe. Kyauta ce, tushenta a buɗe yake, kuma lasisinta ya yarda ka sayar da abin da ka ƙera. An fara ta a 1999, fitowa ta 1.0 ta zo a 2012, ta 3.0 a ƙarshen 2023. Harshen da ake rubutu da shi Pascal ne, wanda Niklaus Wirth na Suwizalan ya fitar a 1970, kompailar kuma Free Pascal. Za a ce maka Pascal ya tsufa. PeaZip da Double Commander da Lazarus aka yi su, kuma har yau mutane na aiki da su a faɗin duniya.

Mataki na farko: saukewa

Sau ɗaya kawai kake buƙatar intanet. Fayil ɗin girkawa na Windows yana kusa da mega 200, yana shafin lazarus-ide.org, wanda zai tura ka SourceForge. Yi amfani da datar dare, ko ka tambayi ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ko wani yana da shi a filashi. In ka karɓa a filashi, ka tace shi da maganin bairos tukuna.

Za ka ga iri biyu, win32 da win64. Ɗauki win32, ko da kwamfutarka 64 ce. Manhajar da aka ƙera da 32 tana tashi a kan kowace irin Windows, ta 64 kuwa ba ta tashi a kan 32, kuma ba ka san irin kwamfutar da za ka tarar a shagon mutum ba. A wannan zaman ne kuma za ka shiga sqlite.org ka ɗauko sqlite3.dll, shi ma na 32, wato mai x86 a sunansa. Ɗan ƙarami ne. Riƙe shi, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: girkawa

Danna Next har ƙarshe, ka bar ta a C:\lazarus inda ta zaɓa wa kanta. Kada ka kai ta foldar da ke da tazara ko baƙi mai lanƙwasa a sunanta. Da ta buɗe, danna Start IDE.

Wataƙila ka ga tagogi a warwatse, kowace na yawo ita kaɗai. Wasu na son haka, ni ba na so, musamman a ƙaramin allo. Shiga Package, sai Install/Uninstall Packages, ka zaɓi AnchorDockingDsgn, ka bar ta ta sake gina kanta, komai zai haɗe a taga guda. Ka tabbata akwai caji kafin ka fara, don ginin yana ɗaukar 'yan mintuna a tsohuwar kwamfuta.

Mataki na uku: adanawa da zana taga

Kafin ka taɓa komai, buɗe sabuwar folda, misali C:\aiki\bashi, ka danna Save All. Sau biyu za ta tambaye ka suna, ɗaya na aikin gaba ɗaya, ɗaya na fayil ɗin taga. Kada ka ba su suna iri ɗaya, kompaila ba ta yarda. Sa wa aikin bashi, tagar kuma babba.

Zanen ba wuya. Daga jerin kayan da ke sama, ɗora TEdit uku na suna da kaya da kuɗi, TLabel a gefen kowanne, da TButton guda. F11 na kai ka inda ake canza rubutun da ke kansu, F12 na juya ka tsakanin zane da kod, F9 na tayar da manhajar. A Caption rubuta Hausarka yadda take, Kuɗi da ɗ ɗinsa. A Name kuwa baƙaƙen boko zalla, edKudi, edSuna, edKaya, don Pascal ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ a sunayen da ke cikin kod.

Mataki na huɗu: rumbun bayanai

Nan ne mutane ke zubar da aikin su ce Lazarus ba ta da kyau, don haka a bi a hankali.

SQLite rumbun bayanai ne da ke zaune a fayil guda. Richard Hipp ne ya fara shi a 2000, kuma shi ne ke cikin kusan kowace wayar Android. Ba ya buƙatar saba, ba ya buƙatar intanet, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, yakan koma yadda yake kafin a fara, bai bar rabin lissafi ba. Daga shafin SQLdb ɗora TSQLite3Connection, TSQLTransaction, da TSQLQuery biyu, ɗaya na nunawa, ɗaya na rubutawa. Daga Data Access ɗora TDataSource, daga Data Controls ɗora TDBGrid. Sai haɗi: Transaction na Connection ya nuna SQLTransaction1, Database na kowane Query ya nuna Connection, DataSet na DataSource ya nuna SQLQuery1, DataSource na Grid kuma ya nuna DataSource1. Ka tsallake ɗaya, teburin zai fito fari fat, kuma ba abin da zai gaya maka dalili.

Yanzu sqlite3.dll. Wuri biyu ake ajiye shi: cikin C:\lazarus, da cikin foldar aikinka kusa da bashi.exe. In ta ce ta kasa loda sqlite3.dll alhali ga shi kana kallo, ba fayil ɗin ne ya lalace ba, na 64 ka ɗauko ka haɗa da Lazarus ta 32, ko akasin haka. Saƙon ba ya faɗin wannan, shi ya sa za ka ga mutum ya goge Lazarus ya sake girkawa, ya sake gogewa, matsalar na nan daram. Lazarus 32, dll 32, shi ke nan.

Kada ka rubuta hanyar fayil ɗin rumbun da hannu a cikin zane, don kwamfutar mai shago ba ta da foldarka. Danna tagar sau biyu, a cikin FormCreate ka rubuta:

SQLite3Connection1.DatabaseName := ExtractFilePath(Application.ExeName) + 'bashi.db';
SQLite3Connection1.Open;
SQLTransaction1.Active := True;
SQLite3Connection1.ExecuteDirect('CREATE TABLE IF NOT EXISTS bashi (id INTEGER PRIMARY KEY, suna VARCHAR(60), nema VARCHAR(60), kaya VARCHAR(80), kudi BIGINT, rana VARCHAR(10))');
SQLTransaction1.Commit;
SQLQuery1.SQL.Text := 'SELECT suna, kaya, kudi, rana FROM bashi';
SQLQuery1.Open;

Abu biyu a nan da gangan na yi su. Na sa VARCHAR maimakon TEXT, don in ka sa TEXT teburin zai riƙa nuna kalmar MEMO a madadin sunan mutum. Na kuma sa BIGINT a kuɗi, don INTEGER a Lazarus yana tsayawa a 2,147,483,647. Wanda ya bi shawarar littattafai ya ajiye kuɗi a kwabo, da lissafi ya haura naira miliyan 21 ya fashe, kuma a farashin yau dillalin da ke loda buhunan gero da wake ranar kasuwa ba ya daɗewa bai kai nan ba. Ajiye naira cikakkiya, ba wanda ke bin kwabo bashi.

Mataki na biyar: maɓallin ajiya

Danna maɓallin sau biyu. Mafi yawan bidiyon koyarwa za su nuna maka ka manna abin da aka rubuta a akwati kai tsaye cikin umarnin INSERT da alamar tarawa. Da sunan John yana aiki. Ranar da Sa'adu ko Rabi'u ko Mu'azu ya zo cin bashi, manhajar za ta tsaya cik, domin ɗan waƙafin sama da ke sunansa shi ne alamar rufe zance a SQL. A ƙasar nan kuwa ba ka cika shafi guda na littafin bashi ba ka ci karo da irin sunan ba, balle sunan gari mai farawa da 'Yan ko 'Yar. Yi haka:

SQLQuery2.SQL.Text := 'INSERT INTO bashi (suna, nema, kaya, kudi, rana) VALUES (:s, :n, :k, :d, :r)';
SQLQuery2.Params.ParamByName('s').AsString := edSuna.Text;

Haka za ka cika sauran (abin da ake zubawa a nema yana mataki na shida), kuɗin da AsLargeInt, sannan ExecSQL, sannan SQLTransaction1.Commit. Idan ba ka yi Commit ba, za ka ga kamar an ajiye, ka rufe ka buɗe ka tarar babu komai. Idan ka yi, teburin da ke allo zai share kansa, saboda Commit na rufe duk Query da ke buɗe. Kada gabanka ya faɗi, bayanan na nan. Ƙara SQLQuery1.Open a ƙasansa, su dawo.

Kuɗin kuma kada ka karɓe shi da StrToInt. Yaron shago zai rubuta 12,500 da waƙafi, ko ya sa N a gaba, ko ya bar wurin babu komai. Cire waƙafin da StringReplace, ka gwada da TryStrToInt64, in bai yiwu ba ka fito masa da saƙo da Hausa cewa ya rubuta lamba zalla. Rana kuma ka ajiye ta da FormatDateTime('yyyy-mm-dd', Now), shekara a gaba, don ta jeru daidai.

Maganar rana ta tuna mini: yawancin kwamfutocin hannu da ake saye a Farm Centre ko Beirut Road a Kano sun kwana biyu, ƙaramin batirin da ke riƙe musu agogo yakan mutu. Kwamfutar ta wayi gari a wata tsohuwar shekara, manhajarka kuma ta rubuta bashin yau da wannan kwanan wata. Batirin ba shi da tsada, a canza shi. Duk da haka ka sa kwanan wata ya fito ɓaro-ɓaro a saman tagar, mai shago ya gani da idonsa kowace safiya.

Mataki na shida: baƙaƙe masu lanƙwasa

Lazarus na nuna ƙ, ɗ, ɓ lafiya lau, tana kuma ajiye su daidai. Matsalar a ƙirga da nema take. Kowane ɗayansu gurbi biyu yake ci, don haka Length zai ce Ɗanladi baƙi 8 ne alhali 7 ne, UpperCase kuma ba ya taɓa su. Ƙara LazUTF8 a layin uses, ka koma UTF8Length da UTF8LowerCase.

Nema ya fi ba da ciwon kai. Yau mai gida ya rubuta Ɗanjuma, gobe yaronsa ya nemi Danjuma, manhaja ta ce babu mai wannan suna, mutumin kuwa ana bin sa kuɗin buhun taki biyu. Amfanin gurbin nema da muka buɗe a teburi ke nan. Lokacin ajiya, mayar da sunan ƙananan baƙaƙe, ka canza ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ɓ zuwa b, ka cire waƙafin sama, ka zuba a nema. Ɗora wani TEdit a matsayin akwatin bincike, abin da aka rubuta a cikinsa shi ma ka yi masa haka kafin ka kwatanta. Allo ya nuna sunan da Hausarsa, bincike ya bi ta gurbin nema.

Mataki na bakwai: kai wa mai shago

Kada girman bashi.exe ya ba ka tsoro in ka ga ya haura mega 20, bayanan gwaji ne suka cika shi. Shiga Project Options, wajen Build modes, ka danna maɓallin da ke ƙirƙirar Debug da Release, ka zaɓi Release ka sake ginawa, zai dawo 'yan mega kaɗan. Kwafi exe ɗin da sqlite3.dll a folda guda, ka ajiye a C:\bashi a kwamfutarsa. Kada ka sa a Program Files, Windows ba ta barin a yi rubutu a can. Ba sai an girka Lazarus a wurinsa ba. Wani maganin bairos kan kama sabon exe don bai san shi ba, sai ka sa foldar cikin waɗanda ya amince da su, kada ka kashe maganin gaba ɗaya.

Dukiyar mutumin duka tana cikin bashi.db. Saya masa filashi na musamman, ni SanDisk na asali nake saye, ba na tebur a bakin tasha ba, kuma kada a sa masa waƙa ko fim. Koya wa yaron shago ya rufe manhajar tukuna, sannan ya kwafi fayil ɗin kowace Juma'a, filashin kuma ya kwana a gida, ba a shago ba.

Ɗan'uwa, kada ka karɓi ko sisi a hannun mai shago sai manhajar ta yi mako biyu tana tafiya tare da littafinsa na takarda. Ku zauna ku tara jimillar nan da ta can. In sun zo ɗaya, ka faɗi kuɗinka.