Gudan Jini Ga Masu Ciwon Daji da Ake Yi Wa Gashi

Idan a gidanku akwai mai ciwon daji da ake yi wa gashi da na'ura, ku riƙa duba ƙafafunsa. Ciwon kan sa jini saurin daskarewa, yawan kwanciya kuma yana ƙara haɗarin. Gudan jini kan taru a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya toshe hanyar jini a huhu.

Alamomin su ne kumburin ƙafa ɗaya mai zafi da ciwo, haki farat ɗaya, ciwon ƙirji, ko tarin jini. Kada ku yi wa ƙafar tausa. Ku kai shi asibiti nan take.

Ke ma mai juna biyu, haɗarin ya shafe ki har mako 6 bayan haihuwa. Ki riƙa tattaki, ki sha ruwa sosai.