Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kawo Ambaliya a Hamada?

Wani mai sauraronmu daga Agadez yana tambaya: me ya sa ƙasashen da aka sani da fari yanzu suke kukan ambaliya?

To, masana sun ce duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 1, iska takan riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Hadari zai daɗe bai haɗo ba, ran da ya haɗo kuwa sai ya juye gaba ɗaya. Ƙasar da rana ta gasa ba ta shan ruwa da wuri, sai ya bi koramu yana kwasar abin da ya tarar.

A Afrilun 2024, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ga ruwan da ba a taɓa lissafa irinsa ba tun 1949, har filin jirgin saman Dubai ya koma tafki. A Satumba kuma garin Tagounite na Maroko ya samu fiye da milimita 100 cikin awa 24, tafkin Iriqui da ya shekara 50 a bushe ya cika. Kusa da gida, a watan ne ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram, wanda ginin ƙasa ne.