Idan Mai Gadi Ya Juya Wa Gida: Ciwon Ƙoda da Ba a Cika Sani Ba

 Darasinmu na yau a kan ƙoda ne, da wani ciwo da jikin mutum da kansa ke jawo mata.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan guda. Su ke tace jini dare da rana, su fitar da datti ta fitsari, su bar jini da abin gina jiki a ciki. A cikin jinin kuma akwai wasu dakaru, sinadarai sama da 30, mafi yawansu hanta ke yin su. Likitoci na kiransu kwamfilimen. Aikinsu gadi: da ƙwayar cuta ta shigo sai su yi mata rubdugu. Suna kuma da linzami da ke tsayar da su in aiki ya ƙare. To, in linzamin nan ya lalace fa? Sai mai gadi ya juya wa gida, ya yi ta dukan matatan ƙoda har su fara yoyo.

Ta hanya uku abin zai iya zuwa gidanki.

Ta farko, kuma wadda aka fi gani, a wajen yara ne. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, ko ƙazuwa da ya sosa har ta yi ruwa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da ciwon maƙogwaron, ko mako uku zuwa shida da ƙurajen, sai ya tashi da safe fuska a kumbure, fitsari kaɗan, launinsa kamar baƙin shayi. Ƙwayar cutar ta tafi, amma faɗan da aka yi da ita ya sauka a kan ƙoda. Yawancin yaran nan suna warkewa sarai in an kula da su a asibiti. Haɗarin shi ne hawan jini, wanda kan kai yaro ga jijjiga.

Ta biyu ba ta da yawa, mutum kaɗan ne cikin miliyan ke kamuwa da ita. Farkonta iri ɗaya ne da ta farko, sai dai ba ta tafiya. Akwai ɗaya daga cikin dakarun nan mai suna C3 da ake aunawa a jini. A ciwo na farko yakan sauka, ya dawo daidai cikin mako shida zuwa takwas. In ya wuce wata uku yana ƙasa, likita zai yi zargin linzamin ne ya lalace. Shi ya sa in an ce ki maido yaro a sake gwaji, kar ki ce ai kumburi ya saɓe. Ki koma.

Ta uku ta shafe ki kai tsaye. A wasu mata, haihuwa ce ke tayar da ita, cikin kwanakin jego. Jini ya riƙa daskarewa a ƙananan hanyoyin ƙoda, ƙwayoyin jini su farfashe, mai jego ta ɗashe, ƙarfi ya ƙare, fitsari ya ragu ko ya ɗauke. Irin wannan kan bi dangi, don haka in an taɓa samun mai ciwon ƙoda a danginki ko na maigida, musamman in auren zumunci ne, ki faɗa wa likita tun wajen awo.

A nan sai an yi hattara, 'yar uwa. A yankinmu na Mandera da sauran garuruwan Shagari da Bodinga, inda yara ke wanka a tafki da fadama, da an ga jini a fitsari sai a ce tsargiya ce. Jinin tsargiya ja ne, yakan zo a ƙarshen fitsari, kuma ba ya zuwa da kumburin fuska. In kin ga fitsarin duk ya yi duhu ga kumburi, ƙoda ce ke kuka. Haka mai jego da ta kumbura, kar a ce ai jego ne a ƙara mata kunun kanwa. Kanwa da gishiri ƙara riƙe ruwa suke yi a jiki.

Ga abin yi:

1. Ki magance ƙazuwa da ƙurajen yara da wuri, a haɗa da duk 'yan ɗaki, a wanke tufafi da shimfiɗa.
2. Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai asibiti, a kuma shanye maganin da aka rubuta.
3. In kumburi ya bayyana, a rage gishiri da magi, a tafi asibiti ranar nan, a auna jini da fitsari.
4. Kar a sayi maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kemis, kar kuma a ɗura jiƙo. Ƙoda mai rauni ba ta ɗaukarsu.
5. In an tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kar a tsaya shawara. Can akwai likitocin ƙoda da injin wankin ƙoda, kuma wani wankin na ɗan lokaci ne kafin ƙodar ta farfaɗo.

Magungunan da ke kama linzamin dakarun nan sun samu. A 2011 Amurka ta amince da eculizumab don nau'i na uku, a 2025 kuma ta amince da iptacopan don na biyu. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Abin da ke hannunki shi ne idonki: ke ce ke ganin fuskar yaro da asuba, ke ce ke zubar da fo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu lafiya da zuri'armu baki ɗaya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.