Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Maharba Ɓauna Ke Ɗura Harsashi da Kansu?

Tambaya: Na ji an ce wasu baƙin da ke zuwa farauta a dazukan da ke kewaye da Benuwe da Faro da hannunsu suke ɗura harsashinsu. Na kamfani bai isa ba ne, ko ƙarin ƙarfi suke nema? Daga wani mai karatu a Garwa, Kamaru.

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya. Yawancinsu ba ƙarfi suke nema ba. Abin da suke so shi ne kowane harsashi ya tashi daidai da ɗan'uwansa, domin ɓaunar da ta ji rauni ba ta jiran a gyara kuskure.

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, ɗan maƙyastin da ke gindinsa, albarushi, da kan da ke fita. Mai ɗuri yakan tara kwanson da ya harba, ya matse shi ya koma girmansa, ya auna albarushi a kan ƙaramin sikeli bisa littafin da masu yin albarushin suka wallafa, sannan ya dasa kan da ya zaɓa. Akwai kai mai laushi da ke buɗewa cikin nama, akwai daskararre mai ratsa ƙashi. Da yawa sukan fara da mai laushi, su jera daskararru a bayansa.

Zafin Afirka ma yana cikin lissafi. Albarushin kodayit na da yakan ƙara matsi idan rana ta gasa shi, har kwanso ya maƙale. Shi ya sa kamfanin Rigby na Landan ya yi wa harsashinsa .416 na 1911 kwanso mai faɗi, Holland & Holland kuma suka tsuke jikin .375 na 1912 don ya zare cikin sauƙi. Shi kuwa .458 Winchester na 1956 kwansonsa gajere ne, sai an danna albarushi, wani lokaci ya dunƙule ya ƙi ci sosai. Ɓauna ta raunata Ba'amurke Jack Lott a Mozambik a 1959 yana riƙe da irin wannan bindiga, daga baya ya fito da .458 Lott mai dogon kwanso.

A ganina, aikin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshe: kafin tafiya, maharbi ya bi da kowane harsashi ta cikin bindigar, ya ja sakata ya tura, ya tabbatar babu mai cijewa.

Sai dai a kula, Malam. Wannan albarushi ba irin na adaka ba ne da ake aunawa da ido. Ɗan ƙari kaɗan yana iya tarwatsa bindiga a fuskar mai ita. Kuma a Kamaru da Najeriya mallakar harsashi ma sai da lasisi, balle ɗura shi.