Yadda Ake Rubuta Kod Ɗin da Na Bayanka Zai Iya Karantawa

A watan Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. A lokacin ina kula da wani shafin intanet na sayar da atamfa da shadda, wanda wani ya gina kafin a miƙo mini. Mai shagon ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Malam, lamba ɗaya ce fa za ka canza, ko minti biyar ba za ka yi ba." Da na buɗe fayilolin na nemi 0.05, sai ga ta a warwatse ko'ina. A wani wuri haraji ce, a wani wuri ragin da ake yi wa tsofaffin kwastomomi ne, a wani fayil na CSS kuma kaurin inuwar da ke ƙarƙashin hoton kaya ce. Babu abin da ya bambanta su a ido. Kwana biyu na yi ina tsince su ɗaya bayan ɗaya, raina na ɗarɗar kada in taɓa wadda ba ita ba a caji mutane kuɗin da ba su ci ba.

Shafin yana aiki lafiya lau, domin kwamfuta ba ruwanta da kyan rubutu. Wanda ke shan wahala shi ne mutumin da zai zo gyara, kuma sau da yawa kai ne da kanka bayan wata shida, ka manta abin da ka yi nufi. Ga yadda za ka sauƙaƙa masa.

Fara da suna. A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan aka fi yin sakaci. Dubi wannan layi:

const x = p * 0.05;

Sannan ka dubi wannan:

const HARAJIN_VAT = 0.075;
const harajinKaya = farashinKaya * HARAJIN_VAT;

Na biyun ya fi tsawo, amma ko ɗan koyo ya karanta ya san abin da ake lissafawa, kuma ranar da gwamnati ta sake taɓa haraji wuri ɗaya tak za a gyara. Duk lambar da ke da ma'ana, kamar kuɗin kai kaya ko yawan kwanakin da ake karɓar kayan da aka dawo da su, ka raɗa mata suna ka ajiye ta a fayil guda. Fankshin kuma, wato guntun kod da ke yin wani aiki, ka ba shi sunan da ya fara da aikatau: lissafaJimla, aikaSako, tantanceLambarWaya. Abin da amsarsa e ce ko a'a, sunansa ya nuna hakan, kamar anBiya ko akwaiSaura.

Kuɗi na bukatar ƙarin kula. Buɗe burauza ka rubuta 0.1 + 0.2 a JavaScript, za ka ga amsa 0.30000000000000004, saboda yadda na'ura ke ajiye lambobi masu ɗigo. Don haka kada ka ajiye farashi da naira mai ɗigo. Mayar da shi kwabo, cikakkiyar lamba, sai a wajen nuna wa mai saye ka raba da 100. Tsarin biyan kuɗi ta intanet na Paystack ma da kwabo yake karɓar adadin kuɗi. To sa ma'aunin a cikin sunan: farashiDaKwabo. Wannan 'yar kalma ita za ta hana wani ya aika 5000 yana nufin naira dubu biyar alhali hamsin ya caja.

Akan tambaye ni ko a sa sunayen da Hausa ko da Turanci. JavaScript na karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin suna, sai dai ba kowane allon rubutu ke da su a kusa ba, shi ya sa nake barin su ga rubutun da mai ziyara zai gani. Idan duk abokan aikinka Hausawa ne, Hausa ta wadatar. Idan kuwa akwai yiwuwar aikin ya faɗa hannun wanda ba ya ji, yi da Turanci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gauraye, rabi nan rabi can.

Bayan suna, sai rabon aiki. Kowane fankshin ya ɗauki aiki ɗaya. A wancan shagon akwai wani da ke duba lambar waya, ya lissafa kuɗi, ya rubuta oda a rumbun bayanai, ya aika saƙon tes, ya kuma canza launin maɓalli, duk a dunƙule. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: gwada faɗa wa abokinka abin da fankshin ɗin ke yi a jimla ɗaya. Idan ka ji bakinka na ta maimaita "kuma", raba shi. Daga nan sai ka bar babba guda a sama yana kiran ƙananan bi da bi, mai karatu ya bi shi kamar labari: tantance, lissafa, ajiye, sanar.

A cikin fankshin ɗin ma, guji cusa sharaɗi cikin sharaɗi har rubutu ya yi ta gangarawa dama kamar matakala. Sallami matsaloli tun a bakin ƙofa. Kwandon sayayya babu kaya? Koma nan take. Lambar waya ba ta cika ba? Koma da saƙon kuskure. Abin da ya saura a ƙasa shi ne ainihin aikin, a miƙe.

Na uku, maimaici. Andrew Hunt da David Thomas sun yaɗa ƙa'idar nan ta kada a maimaita abu ɗaya a wurare da yawa cikin littafinsu The Pragmatic Programmer na 1999, kuma gaskiya ce. Amma na ga masu koyo na wuce gona da iri. Kama da wane ba ta wane. Harajin kashi 5 da ragin kashi 5 sun yi kama a ido, amma dalilin kowanne daban, kuma ranar canjinsu daban. Da an haɗe su wuri ɗaya da sunan gudun maimaici, da tashin haraji ya ja ragin kwastomomi ya tashi tare da shi. Ni sai na ga abu sau uku, na kuma tabbata dalili ɗaya zai sa su canza, sannan nake haɗe su.

HTML ma kod ne, kada ka raina shi. Idan abu maɓalli ne, yi amfani da button, ba div da aka yi wa kwalliya ba. Button na gaskiya yana amsa allon rubutu ba tare da ka ƙara komai ba, kuma manhajar da ke karanta wa makafi shafi za ta sanar da su cewa maɓalli ne. Haka nav da main da footer, kowanne na faɗin matsayinsa da kansa. Sa lang="ha" a saman shafin Hausa, ka kuma tabbata an ayyana UTF-8, in ba haka ba haruffanmu masu lanƙwasa za su iya rikiɗewa su zama tarkace. A CSS, raɗa suna bisa aikin abu, ba kamanninsa ba. Idan ka kira shi jan-maballi, ranar da mai shago ya ce a mayar da shi kore sunan ya zama ƙarya.

Batun tazara da waƙafi da tsawon layi kuwa, kada ku ɓata lokaci kuna musu. Girka Prettier ya riƙa daidaita fasali duk sa'ad da aka adana fayil, ka haɗa da ESLint, wanda Nicholas Zakas ya fara a 2013, ya riƙa nuna maka abin da ka ayyana ba ka yi amfani da shi ba da sauran kurakurai irinsa. Aikin rabin awa ne.

Sharhin da ake rubutawa a gefen kod ya bayyana dalili, kada ya maimaita abin da ido ke gani. "A nan ana ninka farashi" bai ƙara komai ba. Amma "muna jira daƙiƙa uku kafin sake gwadawa saboda sabar banki kan yi jinkirin amsawa" zai hana na bayanka goge layin yana zaton kuskure ne.

Tsohon kod da aka daina amfani da shi, goge shi. Na san zuciya kan ce a bar shi ko wata rana, amma ajiyar wannan aikin Git ne, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, kuma duk abin da ka taɓa adanawa a ciki yana nan. A watan Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45, kuma cikin musabbabin akwai wani tsohon kod da aka bari kwance a sabar, ya farka ba a shirya ba. Idan za ka adana canji a Git, ya zama ƙarami, da saƙo mai ma'ana. "Gyara" ba saƙo ba ne. "Mayar da harajin VAT zuwa kashi 7.5" shi ne saƙo.

Saura wanda ya gaji aikin wani a hargitse, kamar yadda na gada. Kada ka rushe ka ce za ka sake gini daga tushe, domin a cikin wannan hargitsin akwai gyare-gyaren shekaru da ba ka san dalilinsu ba. Martin Fowler ya yi littafi sukutum kan gyaran kod sannu a hankali, Refactoring, a 1999, bugu na biyu na 2018 kuma da JavaScript ya kawo misalansa. Hanyar ita ce ka fara rubuta ɗan gwaji, da Jest ko makamancinsa, wanda zai tabbatar cewa atamfa biyu ta naira dubu goma-goma da haraji sun ba da 2150000 na kwabo. Sannan ka canza suna ɗaya, ka gudanar da gwajin, ka adana. Ka ciro fankshin ɗaya, ka sake gwadawa, ka adana. Idan gwajin ya faɗi, ka san canjin ƙarshe ne ya jawo, sai ka koma baya taki ɗaya kawai.

Kafin ka rufe kwamfutar, buɗe fayil ɗin README ka rubuta yadda ake tayar da aikin a sabuwar na'ura, da inda farashi da haraji suke zaune, da yadda ake gudanar da gwaji. Sai ka miƙa wa wani abokin aiki da bai taɓa ganin aikin ba, ka zauna gefensa ka yi shiru, ka riƙa rubuta duk inda ya tsaya yana tambaya.