An Ɗora Sabon Windows, Kwamfuta Tana Jan Ƙafa

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya gaggawar sake yi wa kwamfuta fomatin don ta yi nauyin tashi. Kunna ta yake yi ya zuba ido, ya ga inda take maƙalewa.

Idan tun kafin tambarin Windows ya fito take ɓata lokaci, a leƙa BIOS. Galibi wanda ya ɗora Windows ɗin ya bar filas a sahun farko na jerin abin da kwamfuta ke tashi da shi, sai a mayar da faifan ajiya gaba. In kuma kwanan wata yana komawa baya duk sanda aka kashe ta, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ya mutu.

Idan ta buɗe amma komai ya ƙi motsi, a yi mata uzuri tukuna. Sabon Windows 10 yakan daɗe yana sauko da gyare-gyare da direbobi, don haka a bar ta a jone, in wuta ta samu. Daga nan a danna Ctrl, Shift da Esc tare, a shiga Startup a kashe tarkace. Yaran shago suna son cika kwamfuta da manhajoji don mai ita ya ga an yi aiki, har da maganin bairos biyu, alhali Windows ya zo da nasa.

Inda ake gane gwani shi ne tsakanin waɗannan biyun, lokacin da ɗigogin da ke ƙarƙashin tambarin Windows ke ta juyawa ba ci gaba. A nan faifan ajiya ake zargi. Na tsofaffin laftof yawanci sau 5,400 yake juyawa a minti, ga shekaru, ga ɗauke wuta yana tsaka da rubutu. In wani gurbi ya lalace, sai ya yi ta maimaita karanta shi, kowa yana jiransa, kuma fomatin ba ya warkar da wannan. Tsofaffin hannu a shagunan Titin Beirut na Kano sukan kara kunne a jikin kwamfutar. Lafiyayyen faifai ƙugi yake a hankali, mai ciwo kuwa ƙas-ƙas yake yi, ya tsaya, ya sake. Wannan sauraro yana burge ni, kuma masu yin sa suna raguwa. Manhajar CrystalDiskInfo za ta tabbatar: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi ne.

Da an ga rawaya, a fara kwashe takardu da hotunan mai kaya kafin komai. Sannan a sa SSD a ɗora Windows a kansa, kwamfutar da ke shafe mintuna sai ta koma tashi cikin daƙiƙu.