Tawada Mai Sauya Launi: Garkuwar Ɗan Kasuwa Daga Kuɗin Jabu

A kasuwar Kure ta Minna da kasuwar doya ta Paiko, galibin ciniki da tsabar kuɗi ake yin sa. Duk wanda aka cusa wa takardar jabu kuwa, shi ke ɗaukar asara, domin banki ba ya musanya ta. Saboda haka ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san alamar da ta fi gagarar masu buga jabu, wato tawada mai sauya launi.

Ita wannan tawada tana ɗauke da wasu ƙananan ɓarɓashi, kowanne da shimfiɗu siraran gaske a kan ƙarfen alminiyam mai ƙyalli. Idan haske ya sauka a kansu, launin da zai komo ga ido ya dogara ne ga kusurwar da aka dubi takardar. Na'urar kwafe takardu kuwa launi ɗaya tak take iya ɗauka. Shi ya sa alamar jabu ba ta sauyawa, ko ta ina aka juya ta.

Kamfanin SICPA na ƙasar Suwizalan ne ya yi fice wajen sarrafa tawadar. Ƙasar Tailan ta sa ta a kuɗinta a 1987, Amurka kuma ta bi sahu a takardar Dala 100 a 1996.

A Nijeriya, takardar Naira 1,000 da Babban Banki ya fitar a watan Oktoba na 2005, mai hotunan Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, ta zo da alwatika mai juyawa daga kore zuwa shuɗi. Haka nan Naira 100 ta bikin cika shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu, wadda aka fitar a 2014, tana da alama mai irin wannan sauyi.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A riƙe takardar a wuri mai haske, a karkata ta sannu a hankali. Muddin launi ya tsaya cik, to akwai lauje cikin naɗi. Sai a haɗa da shafa rubutun da ya ɗan taso, da kuma ɗaga takardar ga haske don ganin ɓoyayyen hoton da ke cikinta.

Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga mai buga jabu. Amma hukuncin kotu ba ya mayar wa mai doya uwar kuɗinsa. Dubawa tun kafin a sallami mai saye ita ce rigakafi.